Zoben Endel

Tsakanin itatuwa biyu, a tsibirin Hiiumaa,
kakana Endel ya rataye zoben waya,
tagulla mai kaurin yatsa, ta hau sama ta kewayo
ta kama wutsiyarta a rumfar da yake shanya kifi.
Ya ce dogon zango yake nema,
mita dubu biyu da ɗari biyu,
zoben nasa kuwa taku ashirin ne in an auna.

"Ƙaramin baki, babbar magana," in ji shi,
"dole maƙogwaro ya sha zafi."
Maƙogwaron akwati ne a ƙarƙashin benci,
kafasita guda a ciki, tsohuwa,
ya ciro ta daga jirgin ruwan da ya mutu.

Ni ce mai riƙe fitila.
Daren farko ya ce in kashe ta.
Ya danna makunni, duhu ya fara huci
kamar kububuwar da aka taka wa barci.
A tsinin wani ƙusa na ga shuɗin haske
siriri, yana rawar ɗari,
da wani wari irin na bayan tsawa.
Sai tas!
Akwati ya yi tari, hayaƙi ya miƙe tsaye.
Kakata Virve ta leƙo daga taga
ta ce in mun gama ƙona rumfar, miya na jira.

Bai yi fushi ba. Ya ciro fensir daga bayan kunne,
ya yi lissafi a jikin katako:
wat ɗari kacal muka zuba,
amma zoben lilo ne, kowane turi kan turi yake hawa,
har bolt dubu goma sha biyu suka taru
a ratar da ba ta kai faɗin farce ba.

Mako uku muna gyara.
Ya ba ni zarto: duk tsinin da na gani in kashe shi,
don wuta ɓarauniya ce, ta kaifi take tsallake katanga.
Kan kowane ƙusa ya ɗora dunƙulen dalma, sumul.
Kafasita ɗaya ta zama takwas a jere,
kowace ta ɗauki kasonta na kaya.
Ya buɗa rata tsakanin wayoyi har hannuna ya shige.
Tangaran ɗin da ke riƙe da zoben
ni ke goge shi da tsumma kowace yamma,
saboda iskar teku na barin gishiri,
gishiri da raɓa kuwa gada suke gina wa wuta.
Wani gizo-gizo ya yi saƙa a wurin, bai ji gargaɗi ba,
da safe toka muka tarar.

Ya nuna mini babban yatsansa,
farin tabo ƙanƙane, kamar ƙwayar shinkafa.
"Wannan ba ta jijjiga mutum, Leelo.
Huda take yi, shiru, har ƙashi.
Kashe, ki jira, ki taɓa da sandar da ke haɗe da ƙasa,
hannun hagu a aljihu."

Dare na biyu muka ƙara wuta kaɗan-kaɗan,
kamar mai zuba gishiri a tukunyar baƙo.
Na kashe fitila. Ba shuɗi, ba huci.
Allura ta hau, ta tsaya.
Ya aika sunansa: ɗigo ɗaya minti guda,
har shayi ya huce bai gama harafi uku ba.

Kwana biyu bayan nan wata mata daga gaɓar Fotugal
ta turo hoton wani layi, fari-fari, a tsinke,
kamar sawun tsuntsu a kan ƙanƙara.
Ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Ni ne nan."

Bana hannunsa na karkarwa, ba ya iya riƙe zarto.
Yana zaune a bakin ƙofa cikin bargo
ni kuma na durƙusa gaban akwatin.
Bai dubi allura ba.
Aljihuna na hagu yake kallo.